Schwaz: ƙaramin garin Ostiriya mai gine-ginen da suka fi shi girma

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin zanen gine-gine ne a Zariya, an ba ni gurbin kwas na wata uku a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya. A jerin wuraren da za a kai mu akwai wani gari wai shi Schwaz. Na duba hotunansa, na ga ɗan gari ne matse a tsakanin duwatsu, amma cocinsa da wasu gidajensa kamar na babban birni. Daga ina kuɗin ya fito? Me ya hana garin girma? Kuma da me mutanensa suke ci yanzu? Ina so in je da idon da zai gane abin da yake kallo."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a amfana da karatun. Abin da idonka ya kama a hoto shi ne gundarin maganar: gine-ginen sun fi garin. A aikina na auna tsofaffin gine-gine da bin tarihinsu, duk inda na ga haka nakan fara tambayar wace sana'a ce ta taɓa tara jama'a a wurin, sannan ta watse ta bar su. A Schwaz sana'ar ita ce haƙar azurfa da jan ƙarfe. Sai dai amsar ba ta tsaya a nan ba, domin abin da ka gani tsaye ɗan kaɗan ne daga dukiyar da ta fito daga dutsen. Mafi yawanta ba ta kwana a garin ba.

Garin yana bakin kogin Inn, kimanin kilomita 30 gabas da Innsbruck, a jihar Tirol. A jirgin ƙasa ba za ka yi rabin awa ba ka isa. Tsayinsa daga teku mita 545 ne, amma tsaunin Kellerjoch da ke bayansa ta kudu ya haura mita 2,300, ta arewa kuma, ƙetaren kogi, jerin duwatsun Karwendel ne suka tokare. Mazauna garin a yau wajen 14,000 ne. Shi ne hedikwatar gundumar da ke ɗauke da sunansa, wadda ta haɗa da kwarin Ziller da yankin tafkin Achen, mai mutane sama da 80,000. Akwai kuma wani rafi, Lahnbach, da ke gangarowa daga dutse ya ratsa gari. Idan ka gan shi a ranar da ba a yi ruwa ba sai ka raina shi, alhali sau da yawa ya sauko da laka da tsakuwa ya binne gidaje. Garin kansa a kan tarin abin da rafin nan ya kwaso yake zaune, shi ya sa daga bakin kogi tituna hawa suke yi. Ka riƙe wannan, don a garuruwan tsaunukan Alps ruwa da gangare ne ke zana taswira kafin magini ya zo.

Azurfar da ke cikin jan ƙarfe

Tun zamanin da ba a rubutu mutane ke haƙar jan ƙarfe a duwatsun da ke tsakanin Schwaz da Brixlegg, fiye da shekara dubu uku ke nan. Daga baya aka bar aikin, aka manta. Sunan wurin ya fara bayyana a takarda a shekarar 930, ya samu izinin cin kasuwar mako a 1326, yana ƙarƙashin gidan sarautar Freundsberg, waɗanda hasumiyar gidansu take bisa tudu tana kallon gari har yau. Za a ba ka labarin wata yarinya mai kiwo, wai a 1409 bijiminta ya tono ƙasa da ƙaho sai ga dutse mai ƙyalli. Almara ce, kuma kusan kowane garin ma'adinai yana da irinta. Abin da ke tabbas shi ne a farkon rabin ƙarni na 15 aka koma haƙa, kuma daga wajen 1470 abin ya kankama sosai a gefen dutsen da ake kira Falkenstein.

Dalilin da ya sa sai lokacin abin ya yi riba yana cikin tukunyar narkarwa. Dutsen da ake haƙowa jan ƙarfe ne galibi, azurfar da ke cikinsa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma a cakuɗe suke. A ƙarni na 15 ne maƙeran ƙasar Jamus suka ƙware a dabarar raba su: a narka da dalma, dalma ta janye azurfar ta fita da ita, sannan a ƙone dalmar a bar azurfa tsantsa. Dabarar tana cin dalma da gawayi ba kaɗan ba. Saboda haka ramin da ke Schwaz ya jawo wasu sana'o'i daga nesa: ana kawo dalma daga wasu ramukan Tirol da Karintiya, ana sare dazuzzuka ana koro gungume ta ruwa, ana narkarwa a Jenbach da Brixlegg. Ƙasar kwarin kuwa ba ta isa ta ciyar da taron da ya taru ba. Hatsi daga Bavariya yake zuwa, a jiragen ruwa da dawakai ke ja suna hawan kogi, shanun yanka kuma ana koro su tun daga Hangari.

A shekarar 1523 ramukan suka kai ƙololuwa, inda aka tace azurfa sama da tan 15. A tsakiyar ƙarnin ana lissafin ma'aikata sama da 7,000 a Falkenstein. Jimillar mazauna kuwa ana ƙiyasta ta a kusan 20,000, abin da ya sa ake cewa bayan Viyana babu wurin da ya kai Schwaz jama'a a ƙasashen Habsburg, gidan sarautar Ostiriya na lokacin. Ka ɗauki wannan adadi a matsayin ƙiyasi, don ba ƙidaya aka yi ba, kuma ya haɗa da bukkokin ma'aikata da suka bazu a gangaren dutse da ƙauyukan kewaye. Haka ma za ka ji masu jagorar baƙi suna cewa kusan duk azurfar duniya daga nan take fitowa a wancan zamani. Wannan zuzutawa ce. Gaskiyar ma ta isa: na tsawon shekaru da dama babu ramin azurfa a Turai da ya fi wannan albarka.

Wa ya ci ribar

A dokar lokacin, duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na mai mulki ne. Masu jari suna haƙa da izininsa, su ba shi ɗaya cikin goma na dutsen da aka fitar, sannan dole su sayar masa da azurfar a farashin da ya yanka, wanda bai kai na kasuwa ba. Tazarar da ke tsakanin farashin nan biyu ita ce kitsen harkar, kuma a kanta aka yi ta kokawa.

Sigismund, mai mulkin Tirol, ya sayi ƙasar Freundsberg a 1467, ya ɗauke gidan buga kuɗi daga Meran ya kawo shi Hall a 1477, tsakanin Schwaz da Innsbruck, don ya kusanci ramin. A Hall ɗin ne a 1486 aka buga wani babban tsabar azurfa mai nauyin kusan giram 32, wanda darajarsa ta yi daidai da ta tsabar zinariya guda. Daga wannan samfuri manyan kuɗaɗen azurfa na Turai suka samo asali, har da wanda ke ɗauke da hoton sarauniya Mariya Teresa da shekarar 1780, wanda ya ƙetaro Sahara ya shiga kasuwannin Borno da ƙasar Hausa a ƙarni na 19, maƙeran farfaru suna narka shi su yi wa mata kayan ado. Azurfarsa ba ta Schwaz ba ce, lokacin ramin ya riga ya tsufa, amma salsalar tsabar daga wannan kwari take.

Sigismund mutum ne mai kashe kuɗi fiye da abin da ke shigo masa. Ya yi yaƙi da Venis a 1487, aljihu ya bushe, sai ya nemi bashi. A 1488 Jakob Fugger, attajirin birnin Augsburg, ya ranta masa gulden 150,000, wato tsabar zinariya ta lokacin, a kan sharaɗin azurfar Schwaz ta riƙa zuwa hannunsa a farashin sarki har a gama biya. Wato an jinginar da amfanin ramin tun kafin a haƙo shi. Da Sigismund ya sauka a 1490 ya miƙa wa Maximilian, sabon mai mulkin ya gaji ramin, ya gaji bashin, ya kuma ƙara a kai, don shi yaƙe-yaƙensa sun fi yawa. Jan ƙarfen Schwaz ya shiga igwoyinsa, ya shiga rufin nan mai ruwan zinariya da za ka gani a tsakiyar Innsbruck. A 1519, da jikansa Karl ya nemi kujerar sarautar babbar daular Jamus ta lokacin, an kashe sama da gulden 850,000 wajen shawo kan sarakunan da ke zaɓen sarkin daular, kuma fiye da rabin miliyan daga ciki Fugger ne ya bayar, Tirol na cikin abin da aka dogara da shi wajen biya. Daga 1522 kuma gidan Fugger ya daina tsayawa a matsayin mai ba da bashi kawai, ya mallaki hannun jari a ramukan kansu.

Ka ga inda dukiyar ta bi: Augsburg, Innsbruck, filayen yaƙi na Italiya, aljihun masu zaɓen sarki. Attajiran gida irin su gidan Tänzl da Stöckl da Fieger sun yi tashe na ɗan lokaci, suka yi gini, amma a tsakiyar ƙarni na 16 jarin manyansu ya karye, manyan kamfanonin Augsburg suka haɗiye su. A ra'ayina wannan shi ne rabin amsar tambayarka ta biyu. Garin bai taɓa riƙe linzamin dukiyarsa ba, don haka bai tara jarin da zai juya zuwa wata sana'a ba sa'ad da ramin ya fara gajiya.

Ga wani abin da zai ba ka mamaki idan ka je: babu ganuwa, babu ƙofar gari. Duk da taron nan, Schwaz ba shi da matsayin birni a doka, kasuwa ce kawai. Sai a 1899 sarki Franz Joseph ya ba shi wannan matsayi, bayan tashen azurfar ya wuce da ƙarnoni. Hall da Rattenberg, maƙwabtansa, suna da ganuwa da majalisar 'yan gari tun da wuri. A Schwaz kuwa iko a rabe yake: ma'aikatan rami suna da alƙalinsu da kotunsu da dokarsu daban, sauran jama'a suna ƙarƙashin alƙalin ƙasa. Ma'aikatan suna da gata iri-iri, aikin awa takwas a rami, da asusun da kowa ke zuba ɗan abu duk wata don kula da wanda ya ji rauni a gidan jinyarsu. Kuma ba su da sauƙin juyawa. A 1525 sun ajiye aiki suka nufi Innsbruck da ƙorafinsu, da yawa daga cikinsu kuma sun karkata ga sabuwar koyarwar Luther, malamin da ya ɓalle daga cocin Katolika, abin da ya tayar wa masu mulki hankali.

Cocin da ke da kai biyu

Wannan rabuwa ta jama'a a cikin cocin garin za ka karanta ta ƙarara, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci. An gina shi tsakanin 1460 da 1478 da layi uku, wato dogayen zauruka uku da jerin ginshiƙai ke raba su, kamar yadda aka saba. Kafin a yi nisa ya yi wa jama'a kaɗan. Maimakon a rushe, daga 1490 zuwa 1502 aka faɗaɗa shi ta kudu bisa tsarin Erasmus Grasser, gwanin sassaƙa da gini daga Munich. Sakamakon shi ne gini mai layi huɗu a ƙarƙashin rufi ɗaya, da wuraren limamai biyu gefe da gefe: na arewa na 'yan gari, na kudu na ma'aikatan rami. A tsakiya, inda ka saba ganin fili a buɗe, jerin ginshiƙai ne. Har tsakiyar ƙarni na 19 akwai katangar katako da ta raba ɓangarorin biyu.

Ga ɗalibin gini darasin yana da daɗi. Duk wanda ya koyi tsarin cocin Gotik, salon ginin Turai mai bakuna masu tsini, a littafi ya san ido yana bin layin tsakiya ne har ƙarshe. A nan ka shigo sai ginshiƙi ya tare ka, dole ka zaɓi dama ko hagu. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin aibi. Ni ina ganin magini ne da ya karɓi gaskiyar jama'ar da yake yi wa aiki, ya kuma warware matsalar faɗaɗa tsohon gini ba tare da ɓarnar abin da ke tsaye ba. Ka lura duk layukan huɗu tsayinsu kusan ɗaya ne, haske daga tagogin bangon waje kawai yake shigowa, shi ya sa cikin yake kama da babban zaure guda. Rufin an lulluɓe shi da faranta na jan ƙarfe wajen 15,000. Wannan kam nuna arziki ne tsagwaronsa, ana nuna shi da hajar gida. Idan an ba da damar hawa cikin rufin, kada ka bari ta wuce ka: katakan da kafintocin wancan zamani suka harhaɗa hawa-hawa suna nan, kuma yadda suka ɗaure faɗin layi huɗu da itace ya fi duk wani zanen littafi koyarwa.

Kada ka ɗauka duk abin da ka gani a ciki na 1502 ne. A ƙarni na 18 an yi wa cikin kwaskwarima irin ta Barok, salon ado mai yawan ƙawa na lokacin, aka kankare jijiyoyin dutse na silin, sannan a farkon ƙarni na 20 aka sake mayar da su don a dawo da kamar Gotik. Hasumiyar asali ta karkata har aka ji tsoron kaɗa manyan ƙararrawa a cikinta, sai aka gina wata daban a gefe wajen 1910 aka mayar da su can, har da babbar da aka zuba a 1503. Wani abin dariya kuma, duk girman cocin nan reshe ne na cocin ƙauyen Vomp da ke ƙetaren kogi, sai a ƙarni na 17 ya tsaya da ƙafarsa. A kusa akwai ƙaramin ɗakin ibada mai hawa biyu na tsohuwar maƙabarta, da gidan 'yan ɗariƙar Faransiskan da aka kafa a 1507, wanda barandar tsakar gidansa ke cike da zanen bango na farkon ƙarni na 16, da tambarin attajirai da ƙungiyoyin sana'a da suka biya kuɗin kowane sashe. Tambarin nan rajistar masu kuɗin garin ce, ka ɗauki hotonsu.

Gidajen attajirai kuwa biyu ne suka fi fice. Ginin da yanzu yake ofishin magajin gari gidan kasuwancin 'yan Stöckl ne, na farkon shekarun 1500. Ɗayan shi ne gidan Fugger, na wajen 1525. Tsarinsu ɗaya a asali: ƙasa rumbuna da ɗakunan ajiya masu silin dutse, sama ofis da wurin kwana, tsakiya fili mai baranda hawa-hawa a kan bakuna, kusurwoyi kuma da tagogi masu turo ƙirji waje don a hango titi ta ɓangarori uku. A garuruwan kogin Inn za ka ga bangon gaba yakan wuce rufi ya ɓoye shi, kamar yadda rawanin soro ke ɓoye rufin ɗakin ƙasa a wurinmu, sai indararo ya leƙo. A can babban dalilin gobara ce: bangon yana hana wuta tsallakawa daga rufin katako zuwa na maƙwabci. Idan an sami lokaci a leƙa fadar Tratzberg, 'yan kilomitoci daga gari, wadda 'yan Tänzl suka sake ginawa daga 1500. Ita ce ke nuna inda attajirin rami yake kai kuɗinsa idan ya samu: ya sayi ƙasa da sarauta, ya fita daga cikin hayaƙi.

Yadda abin ya lafa

Rami ba ya mutuwa rana ɗaya. Da jijiyoyin sama suka ƙare sai aka bi su ƙasa, aka nutsa sama da mita 200 ƙarƙashin babbar hanyar da aka fara fasawa a 1491. Can ƙasa kuma ruwa ke jira. An kai lokacin da mutum wajen 600 ba su da aiki sai miƙa wa juna wasakin fata cike da ruwa, suna tsaye a kan tsani, dare da rana. A shekarun 1550 aka kafa wata ƙatuwar ƙafar ruwa, wato babbar taya da ƙarfin ruwa ke juyawa, a cikin dutse, wadda ke juyawa gaba da baya tana jawo ruwa da dutse sama, abin da mutanen zamanin suka ɗauka abin al'ajabi. Ta rage tsada, amma ba ta ƙara azurfa a dutse ba. Ana cikin haka aka gano Potosí a Bolibiya ta yau a 1545, da Zacatecas a Meziko a shekara mai biye. Da azurfar can ta fara kwararowa Turai da yawa, wadda ake fitarwa da aikin tilas, ramin da ke biyan albashi yana yaƙi da ruwa ba shi da ta cewa. Gidan Fugger ya tattara ya bar harkar Tirol a 1657, gwamnati ta ci gaba da lallaɓawa, jama'a suka ragu.

Sai babbar masifa. A 1809 mutanen Tirol suka yi wa mulkin Bavariya, ƙawar Napoliyon, tawaye, kuma a tsakiyar watan Mayu sojojin Bavariya suka cinna wa Schwaz wuta, mafi yawan gidaje suka ƙone. Wannan yana da muhimmanci ga mai kallon gini. Bangon dutse da silin ƙasa sukan tsira daga wuta, rufi da benen katako ne ke tafiya. Saboda haka a babban titin garin za ka ga fuskar gida mai sauƙi ta ƙarni na 19, gyaran mutanen da talauci ya kama, amma ka shiga ƙofa ka tarar da baka mai tsini da silin ƙarni na 15 ko na 16. A irin wannan aiki ni daga ƙasa nake fara karatu: faɗin fili, kaurin bango, siffar bakin ƙofa, matakala. Fuska ita ce ta fi saurin canzawa, ita ce kuma ta fi ruɗin baƙo.

Da me ake ci yanzu

Abin da ya fara ɗaga garin bayan gobara masana'antar taba ce ta gwamnati, da aka buɗe a 1830 da niyyar samar wa talakawa aiki. Ta ɗauki ɗaruruwan ma'aikata, mafi yawansu mata, ta yi shekara 175 kafin a rufe ta a 2005. A filinta yanzu rukunin kantuna ne da babban ɗakin taro. Jirgin ƙasa ya iso a 1858. Tsarin ofisoshin gunduma da aka tabbatar a ƙasar a 1868 ya ba garin wani abin da ba ya ƙarewa kamar ma'adini: ofishin gunduma, kotu, babban asibiti, makarantun sakandare. Duk mutumin kwarin Ziller da ke da shari'a ko neman lasisi ko mara lafiya, Schwaz zai sauko. Mutane kan raina wannan idan suna lissafin tattalin arzikin ƙananan garuruwa, alhali albashin malamai da ma'aikatan jinya da na ofis shi ke riƙe kantuna a shekarar da masana'anta ta yi tuntuɓe.

Sai masana'antu. Tyrolit, na iyalin Swarovski, yana ƙera fayafayan yanka da goge ƙarfe da dutse, an kafa shi a 1919, ya zauna a Schwaz tun 1950, yana sayarwa a faɗin duniya. Adler, da Johann Berghofer ya fara a 1934, yana yin fenti da man katako, kuma har yanzu na iyali ne. A Jenbach, cikin gundumar, ake ƙera injinan Jenbacher masu ba da lantarki da iskar gas. A Brixlegg har yau ana narkar da jan ƙarfe, sai dai yanzu tsofaffin wayoyi da tarkace ake narkarwa. Abin da ya jawo waɗannan shi ne ƙarfin ruwa mai gangarowa don lantarki, da ma'aikata masu horo, da kasancewar kwarin a kan hanyar da ta haɗa Jamus da Italiya ta mashigin Brenner. Yawon buɗe ido yana kawo kuɗi mai yawa a gundumar, amma can sama yake, a Mayrhofen da Hintertux da bakin tafkin Achen, inda ake wasan zamiya a ƙanƙara. Schwaz kansa garin aiki ne, baƙi na yini ɗaya yake samu.

Dutsen bai gama da su ba tukuna. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu an fafe wani babban ɗaki a cikinsa, aka sa fursunoni da mutanen da aka kamo aikin tilas suna ƙera sassan jirgin yaƙi na Messerschmitt. Haƙar ma'adini ta tsaya a 1957, aka ci gaba da fasa dutsen shimfiɗa hanya, har ranar 10 ga Yuli 1999 da gefen dutsen Eiblschrofen ya zubo, aka kwashe unguwa guda, aka gina manyan shingayen tare duwatsu, aka rufe aikin gaba ɗaya. An yi ta jayayya kan ko fafe cikin dutsen ne ya jawo haka. Ni magini ne, wannan hukunci na masana ƙasa ne, kuma su ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Abin da ya rage na ramin shi ne sashen baƙi: ƙaramin jirgi zai shiga da ku mita 800 cikin dutse, sanyin ciki wajen digiri 12 ne rani da damina, don haka ka tafi da rigar sanyi ko da ana zafi a waje.

Kada ka auna duk garuruwan Alps da wannan. Hall gishiri ne ya gina shi, Sterzing hanya da fatauci, Kitzbühel rami ne da ya rikiɗe ya koma wurin shaƙatawar masu kuɗi. Idan malamanku suka ba ku zaɓin aikin rubutu, shawarata ka ɗauki gida ɗaya a titin Franz-Josef, ka nemi izinin masu shi, ka auna ƙasansa da tsakar gidansa, ka zana yankansa daga rumbu har rufi, ka raba abin da ya riga 1809 da abin da ya biyo baya da launi biyu. Ofishin kula da gine-ginen tarihi na ƙasar yana da reshe a Innsbruck, garin kuma yana da ma'ajiyar takardunsa, duka biyun sukan taimaka wa ɗalibi idan ya zo da wasiƙar makaranta. Takardun da Jamusanci suke, tsofaffin kuma da rubutun hannu mai wuyar karantawa, don haka tun makon farko ka nemi abokin karatu ɗan ƙasar da za ku yi aikin tare.